Ƙwai Sittin a Cikin Tsohon Firji

Malam Zakariyya'u mai gyaran firji ne a unguwar Makera. Duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san hannunsa na da kyau, ya kuma san ba ya iya zama wuri ɗaya. Idan ya ɗora ruwan shayi, sai ya ɗaga murfin sau uku kafin ya tafasa. Idan ya hau keke napep, tun daga nesa yake zuro ƙafa ɗaya waje. Shekararsa arba'in da shida, gemunsa ya fara furfura, amma jikinsa na rawa kamar na wanda aka ce masa gobe ne ɗaurin aurensa. Abokansa suna kiran wannan zafin nama don su faranta masa rai. Gaskiyar magana rashin haƙuri ne, kuma gara a kira shi da sunansa.

Wata rana ya ga hoton injin ƙyanƙyasar ƙwai a waya, ya ce ai wannan akwati ne kawai mai riƙe zafi, shi kuma shekara ashirin yana gyaran akwati mai riƙe sanyi. Akwai wani dogon firji matacce a bayan shagonsa, wanda mai shi ya yar tun bara. Ya jawo shi ciki, ya fitar da kayan cikinsa, ya sa ƙwan lantarki biyu da 'yar ƙaramar fanka da farantin ruwa. Ya yanka taga a ƙofar ya liƙa gilashi. Ya haɗa batir da faifan sola a kan rufin shago, saboda wutar Nefa ba abar dogaro ba ce. Abin ya yi kyau, wannan babu musu.

Ƙwan gwaji kuwa Mama Tica ce ta bayar. Sunanta Hadassah, tsohuwar malamar Turanci ce da ta yi ritaya ta koma kiwon kaji a Sabon Tasha, kuma shi ke gyara mata firiza tun da daɗewa. Ta ba shi ƙwai talatin. Bayan kwana ashirin da ɗaya, 'yan tsaki huɗu suka fito, biyu suka mutu kafin yamma.

Ranar da ta zo ganin abin da ya faru, ta tarar ya zuba sabbin ƙwai goma na kasuwa yana wani gwajin. Ta zauna a benci, ya aika aka kawo mata zoɓo mai sanyi, ya shiga bayani. Laifin ƙwan ne. Ko kuma laifin fankar. Wataƙila ma zakaranta ya tsufa. Yana magana yana zagaya firjin, can sai ya buɗe ƙofar ya zura bayan hannunsa ciki, ya gyaɗa kai, ya rufe. Ita dai tana shan zoɓonta, har ta ajiye kwalbar.

"Sau biyar," ta ce.

"Me ne sau biyar, Mama?"

"Sau biyar ka buɗe wannan ƙofa tun da na zauna. Ga ma'aunin zafi can a manne yana nuna maka lamba ta gilashi. Me kake nema a ciki?"

"Mama, lamba tana ƙarya. Hannu ba ya ƙarya."

Nan ne matsalar take. Mai gyaran firji ba ya yarda da lamba. Idan ya gama ɗura gas, buɗewa yake yi ya sa bayan hannu ya ji sanyi da kansa, sannan ya ce aiki ya yi. Wannan al'ada ta ciyar da Malam Zakari da iyalinsa shekara ashirin, ita ce kuma ta kashe ƙwai ashirin da shida, domin duk buɗewa ɗaya zafi da danshi suna ficewa.

Mama Tica ta cire tabaranta ta goge da bakin zane. "Malam Zakari, Turawan Amurka suna da kalma guda don mutum irinka. Antsy."

"In zagi ne ki fassara mini, Mama, in san inda zan ajiye shi."

"Ba zagi ba ne, kuma kada ka ɗauka yabo ne. Ka san ant?"

"Tururuwa. Wannan ko a firamare an koya mana."

"To daga nan ta fito. Suna da wata magana tasu, in sun ga mutum ya kasa zama yana ta mutsu-mutsu, sai su ce tururuwa ta shiga masa wando. Da maganar ta yi musu tsawo a baki, suka datse ta, suka bar antsy. Ana faɗa wa wanda yake jiran wani abu, jiran yana cizonsa. Rabi ɗoki, rabi fargaba. Yana son abin ya zo, yana tsoron kada ya lalace, sai ya kasa barin hannunsa ya huta."

Bello mai faci, wanda rumfarsa ke jikin shagon, ya leƙo da taya a hannu. "Mama, nasa ba tururuwa ba ce. Cinnaku ne, manya, masu jan kai."

Malam Zakari ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe su ma Turawan suna da irina, tunda har suka raɗa mana suna! Sake faɗa, Mama, in riƙe."

Ta sake faɗa. Ya maimaita sau uku yana jin daɗinta a baki, da yamma ma ya kai wa matarsa Safiya ita gida kamar tsaraba. Haka ɗan Adam yake. A gaya masa cutarsa da baƙon harshe, sai ya ɗauke ta kamar sarauta.

Amma Mama Tica ba don koyar da Turanci ta biya kuɗin keke ba. Ta ce matan ƙungiyarsu ta masu kiwon kaji suna neman injin ƙyanƙyasa guda takwas, kuma sun kusa aikawa Jos a sayo. Ita ce ta ce su dakata, akwai mutum a Makera. Za ta kawo ƙwai sittin daga kajinta mafiya kyau. Idan arba'in suka fito da rai, aikin nasa ne. Idan ba su kai ba, ba za ta sake buɗe baki a kansa ba.

"Kuma da sharaɗi," ta ce. "Ka yi dabarar juya ƙwan daga waje. Ka yi dabarar zuba ruwa daga waje. Ni kuma zan zo da kwaɗona, makullin yana jakata."

Kwana biyu ya yi yana aiki kamar zai tashi sama. Ya sa sandar ƙarfe da ke karkata farantan ƙwai daga gefe, ya zura siririn tiyo da mazurari don ruwa. Ranar Lahadi da yamma ta kawo ƙwan a cikin kwali da dusa, suka jera su tare, ta datse kwaɗo, ta tafi.

Wanda bai ga Malam Zakari a waɗannan makonni uku ba, bai san abin da ake kira ƙaguwa ba. Goshinsa ya yi wa gilashin tabon maiƙo. Yana tsakiyar ɗura gas a firizar mutane sai ya ajiye ya je ya leƙa. Ya rubuta kwanakin da alli a bango, yana soke ɗaya kowace safiya, wani lokaci ya soke na gobe tun yau sannan ya goge da yawu. Safiya ta ce ko lokacin da take da cikin ɗansu na fari bai ƙirga mata kwana haka ba. A kwana na goma Mama Tica ta zo, ta buɗe da kanta, ta haska kowane ƙwai da tocilan, ta fitar da shida da ba su ɗauka ba. Saura hamsin da huɗu. Ta nuna masa jijiyoyin jini ja a cikin guda, da wani ɗigo baƙi yana motsi, ya kama baki ya ce, "Allahu Akbar!" da ƙarfin da ya sa mai shayin tsallaken titi ya taso da gudu.

Kafin ta rufe ta ja masa kunne. "Daga kwana na sha takwas ka daina juyawa. Kuma ko me ka gani, ba a buɗewa sai sun gama fitowa sun bushe. In iska ta shiga, fatar nan ta cikin ɓawo bushewa take yi ta naɗe tsakon kamar leda. Ka ji ni?"

"Na ji, Mama. Ai ga kwaɗo."

Kwana na ashirin da ɗaya ya faɗo ranar Lahadi. Ƙarfe bakwai na safe ya buɗe shago, tun bai ajiye jakarsa ba ya ji wani siririn kuka daga cikin firjin. Ya manna ido a gilashin da ya yi gumi. Ƙwai uku sun huje, ɗaya ya rabe biyu, ga wani jiƙaƙƙen abu yana rarrafe a kan ragar waya.

"Bello! Bello, fito! Firji ya haihu!"

Kafin ƙarfe tara ƙofar shagon ta cika. Mai shayi ya bar tukunyarsa, 'yan keke biyu sun faka, masu wucewa suna tsayawa su tambayi ko haɗari aka yi. Inna mai ƙosai, wata tsohuwa da ke suya a bakin layin, ta ture maza ta samu wuri a gaba. Duk tsakon da ya fito sai a yi sowa. Malam Zakari yana tsalle daga wannan ƙafa zuwa waccan, yana ƙirgawa da ƙarfi, yana rantsuwa cewa bai taɓa ganin rana irin wannan ba.

Sai dai akwai ƙwai guda a layin gaba, daidai saitin gilashi. Shi ne ya fara hujewa tun safe, ɗan baki ya leƙo yana buɗewa yana rufewa, amma ramin bai ƙaru ba. Ƙarfe goma, haka yake. Sha ɗaya, haka yake. Na bayansa sun fito har sun fara miƙewa, shi yana nan yana haki.

"Wannan zai mutu," in ji Inna mai ƙosai. "Mu a gida da farce muke ɓare musu. Ɗan nan, buɗe ka taimaki bawan Allah."

"An ce kada a buɗe, Inna."

"Wa ya ce? Kana kallon rai yana fita ka ce an ce?"

"Minti ɗaya ne fa," wani ɗan keke ya sa baki. "Ka ciro shi ka rufe."

Malam Zakari ya kira Mama Tica. Wayar a kashe, tana coci, kuma ya san ba ta fitowa kafin ƙarfe ɗaya. Ya sake kira. Ya sake. Ya dubi kwaɗon, ƙato, mai nauyi. Sannan idonsa ya koma ɗaya gefen ƙofar, kan hinji, wato ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kansa. Sukuru biyu a sama, biyu a ƙasa. Ya cire ƙofar firji ta fi dubu a rayuwarsa. Mama Tica malamar makaranta ce, ta ɗauka kwaɗo yana tsare ƙofa. Shi ya san tun ranar farko cewa kwaɗon ado ne, kuma bai gaya mata ba.

Bai san lokacin da sukudireba ta shigo hannunsa ba.

"Zakari," in ji Bello. "Kai, Zakari. Cinnakun ne fa."

"Rufe mini baki. Ceton rai zan yi."

Sukuru na farko ya fito. Na biyu ya yi gardama, ya danna da ƙarfi, ya fito tare da tsatsa, ya suɓuce daga yatsunsa ya gangara cikin kwata. Ƙofar ta saki daga sama, ta sunkuyo faɗin yatsa biyu. Wata iska mai ɗumi da danshi ta bugi fuskarsa. Ya durƙusa zai kama na ƙasa, sai ya ɗaga kai ya ga gilashin. Gumin da ya lulluɓe shi tun safe ya fara washewa daga kusurwar sama, yana saukowa a hankali.

Wannan alama ce da ya sani fiye da kowa a wurin. Shekara ashirin yana nuna wa mutane ita a gidajensu, yana yi musu faɗa: kun ga, robar bakin ƙofa ta saki, abin da ke ciki yana zuba waje, kun kashe firjinku da hannunku. Yau ga shi a kan nasa, kuma abin da ke zuba shi ne numfashin ƙwai talatin da wani abu da ba su riga sun fito ba. Saboda guda ɗaya.

"Innalillahi!" Ya yar da sukudirebar, ya ɗaga ƙofar da hannu biyu ya maka ta wurinta. Ba ta tsaya ba, ramin sukurun ya riga ya buɗe. Ya juya ya sa mata baya, ya tokare ƙafafu a ƙasa, ya danna. "Bello, sukuru! Dogaye! Je wurin masu kayan gini, yi sauri don Allah!"

"Ka ce za ka ceci rai," in ji Inna.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zan buɗe ba."

Ta ja tsaki ta ce yaran zamani ba su da tausayi, amma ba ta bar wurinta ba.

Bello ya yi kusan rabin awa kafin ya dawo, ya ɗaura sababbin sukuru biyu ta saman kan abokinsa. Ƙofar ta zauna daram. Mai shayi ya ƙara ruwan ɗumi ta mazurari, gilashin ya soma gumi kuma.

"To tashi, an gama," in ji Bello.

"Ba zan tashi ba. Miƙo mini kujerar nan."

"Ka juyo mana ka gani, wani yana fitowa!"

"In na juyo zan ga wancan na gaba, in na gan shi zan sake ɗaukar sukudireba. Na san kaina. Kwashe kayan aikin nan ka kai rumfarka. Ku dai ku riƙa gaya mini."

Haka aka yi. Mutumin da bai taɓa zaman minti biyar ba ya zauna a 'yar kujera, bayansa a jikin ƙofa, gilashin yana saman hularsa, jama'a suna leƙe ta kansa. Bello ya zama mai sharhi kamar na ƙwallo a rediyo.

"Ga wani a layi na uku, yana bugu, yana bugu, ya tsage! Ya turo ƙafa! Ya faɗo! Ashirin da shida!"

"Wane launi?"

"Baƙi, da fari a wuya. Kai, wannan zakara ne, dubi yadda yake taka 'yan'uwansa."

Malam Zakari ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu. Zufa ta jiƙa masa riga. Sau biyu wuyansa ya fara juyawa da kansa, ya mayar da shi. Da aka kira azahar ya tashi ya fita a karkace, tafin hannunsa a gefen ido, ya yi salla ya dawo a karkace ya zauna. Mutane suka yi ta dariya, bai kula ba.

"Talatin da ɗaya! Talatin da biyu, tagwaye!"

"Na gaban nan fa?" ya tambaya.

Inna ce ta ce, "Ya daina motsi tun ɗazu."

Wajen ƙarfe biyu da rabi keke ya tsaya, Mama Tica ta sauko da mata biyu na ƙungiyar, duk da ankon coci. Aka buɗa musu hanya. Ta leƙa gilashin, fuskarta ta washe, matan suka shiga tafi. Sai idonta ya sauka kan hinjin sama, inda sababbin sukuru biyu ke ƙyalli a jikin tsohon ƙarfe.

"Malam Zakari. Mene ne wannan?"

Yana iya cewa tsatsa ce ta ci na da. Bello ma har ya buɗe baki zai rufa masa asiri. Amma ya riga shi.

"Ni na kwance, Mama. Ƙofar ta saki kamar minti biyu. Ban sa hannu ciki ba, amma iska ta shiga."

"A gaban kwaɗona."

"A bayansa, Mama."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce kada kowa ya taɓa komai sai gobe ƙarfe takwas, za a buɗe a ƙirga a gaban matan nan, abin da aka samu shi ne hukunci.

Litinin da safe ta buɗe kwaɗon. Ɗumi da kukan 'yan tsaki suka cika shagon. Tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana sawa a kwali, matan biyu suna ƙirgawa da baki, Bello da Inna da mai shayi suna amsawa daga waje. Malam Zakari ya tsaya a gefe, hannayensa biyu a cikin aljihu. A talatin da bakwai ta dakata, domin farantin sama ya ƙare. Ta sunkuya ta jawo na ƙasa. Talatin da takwas. Talatin da tara. Da aka ce arba'in, Bello ya buga bakin taya da guduma kamar ƙararrawa, mai shayi ya yi shelar shayi kyauta ga mutum biyar na farko. An tsaya a arba'in da uku.

Mama Tica ta jira hayaniyar ta lafa, sannan ta kira shi da yatsa. Ƙwai goma sha ɗaya ne suka rage. Huɗu a warwatse, ba su ko huje ba. Bakwai kuwa a jere suke a layin bakin ƙofa, kowanne da ɗan rami, farar fata ta bushe ta manne a kan abin da ke ciki. Ko iskar jiya ce ta kashe su, ko dama ba masu fitowa ba ne, Allah ne masani. Amma layin bakin ƙofa ne, kuma shi ma ya gani.

"Ɗauke su da hannunka," ta ce. "Kai za ka binne."

Ya kwashe su a cikin hularsa.

Babbar cikin matan biyu ta ce sun yarda, a yi musu takwas, biyu na farko kafin ƙarshen wata. Mama Tica ta ƙara da cewa kowane inji a yi wa hinjinsa walda, kada a sa sukuru ko ɗaya.

"In ƙofar ta lalace fa, Mama? Yaya za a cire?"

"Sai a kira mai walda. Shi ba ruwansa da abin da ke ciki."

Malam Zakari ya ce ya yarda. Ya zagaya bayan shago da hular a hannu, ya ari fartanya wurin Inna, ya haƙa rami a gindin katanga.